Burtsatse biyu muka haƙa ba ruwa: ina takardun binciken ƙasa na zamanin da?

Abu Safwan

Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace nake wannan rubutu, ku yi haƙuri da tsawonsa. Garinmu ƙauye ne a kudancin Katsina. Shekara biyu muna karo-karo, mazauna gida da 'yan ci-rani, har matan aure sun sayar da kaji da awaki sun kawo nasu, don mu haƙa burtsatse a bakin masallacin Juma'a. Mai inji ya zo, ya zagaya filin sau ɗaya, ya nuna wuri da ƙafa, aka kafa. Da farko jar ƙasa ke fitowa, sai marmara, sai wata laka mai ɗan danshi, muka fara murna. Can sai ƙura fara fat kamar garin rogo, tana tashi tana rufe ganyen darbejiya. Har mita 70 ita ce. Aka matsa gaba kaɗan aka sake, duk kanwar ja ce. Da idona na ga wata tsohuwa ta zo da tulu tun hantsi ta zauna a inuwa tana jiran ruwan farko, da la'asar ta ɗauki tulunta ta nufi rafi.

Kawuna ya ce mini a zamanin Sardauna ba a sa diga a ƙasa sai safiyo sun zo da taswira, wai akwai ofis a Kaduna da ya san abin da ke ƙarƙashin kowace ƙasa ta Arewa. Gaskiya ne? In gaskiya ne, ina takardun suke, kuma me ya sa mu muke haƙa a makance?

Ummu Khalil

Wa alaikumus salam. Allah ya mayar muku da alheri, Abu Safwan. Fannin ilimin ƙasa da ruwan ƙarƙashinta na karanta, bari in faɗi abin da na sani.

Farar ƙurar da ka gani garin dutse ce. Kun wuce ruɓaɓɓen dutsen da ke sama kun shiga lafiyayye, shi kuwa lafiyayyen dutse ba ya riƙe ruwa sai inda ya tsage. Ɗan danshin da kuka gani a lakar nan, shi ne iyakar abin da wurin ke da shi.

Kawunka bai yi ƙarya ba. Daga 1904 zuwa 1909 Turawa suka yi zagayen farko na neman ma'adinai a Arewa, a 1919 kuma aka kafa hukumar binciken ƙasa ta Najeriya, J. D. Falconer ne ya fara shugabantarta. Daga baya hedkwatarta ta zauna a Kaduna. Su suka fayyace cewa Arewa ƙasa iri biyu ce ta fuskar ruwa. Akwai ƙasar tsohon dutse, irin su Zariya, Kaduna, Funtuwa, Gusau da birnin Kano, inda ruwa ke maƙale a ruɓaɓɓen dutse da tsaguwa, nan akwai, taku hamsin gaba babu. Akwai kuma ƙasar da yashi da laka suka kwanta hawa-hawa, wato Sakkwato da Kebbi ta yamma, Borno da Yobe da gabashin Jigawa ta gabas. A can yashin kansa shi ne randar ruwan, kuma yana tafiya kilomita da yawa ba yankewa.

Sai dai kada in ruɗe ka. Yawancin taswirorin nan santimita 1 a takarda kilomita 2.5 ne a ƙasa. Za su gaya maka garinku a kan dutse yake, amma ba za su ce haƙa a bakin masallaci ko a bayan makaranta ba. Wannan sai mai na'urar awo ya zo ya kafa ƙarafuna a ƙasa ya tura lantarki ya ga inda dutsen ya ruɓe da zurfi. An yi muku haka?

Abu Safwan

Ba a yi ba, Hajiya. Da wani ɗanmu ya kawo maganar, sai aka ce ƙarin kuɗi ne kawai.

Baba Mai Ritaya

Salamu alaikum. Jikana ne ke taya ni bugawa, idona ya yi rauni. Na yi aikin ruwa a Borno har na aje, to wannan magana ta taɓa ni.

'Yata Ummu Khalil ta yi bayani daidai. Ni zan ba ku abin da na gani ina yaro, bayan samun 'yancin kai da 'yan shekaru. Mahaifina ya kai ni wani ƙauye arewa da Maiduguri inda gwamnati ta haƙa rijiya. Bututun ƙarfe ne kawai ya fito daga ƙasa, tsawonsa ya kai ƙirjin babba, an lanƙwasa bakinsa. Ba inji, ba tuƙa-tuƙa, ba guga. Ruwa na ta kwarara da kansa dare da rana. Na sa hannu na ji shi da ɗumi kamar an sirka wa jariri ruwan wanka. Da asuba a lokacin hunturu har tururi yake yi. Shanun Shuwa da na Fulani sun kewaye kwamin, mata na wanki a gefe, tsofaffi kuwa ba abin da suke faɗa sai ikon Allah. Mutanen da ke jan ruwa da sa ko raƙumi daga rijiya mai zurfi, rana ɗaya ga ruwa yana bin su.

Da na girma na shiga aikin na gane yadda abin yake. Ƙarƙashin Borno hawa uku ne na yashi mai ruwa, laka mai kauri ta raba su. Na sama shi rijiyoyin gargajiya ke taɓawa. Na tsakiya sai an yi wajen mita 300, wani wurin fiye. Na ƙasa a Maiduguri ya wuce mita 500. Lakar da ke bisa na tsakiyan ta danne ruwan, to da zarar an huda ta sai ya taso da ƙarfinsa, kamar salkar da aka zauna a kanta aka kwance baki.

Ba sa'a aka yi aka same shi ba. Tun 1934 Raeburn da Jones na hukumar nan suka fitar da rahoto kan ƙasar Chadi da ruwanta. A shekarun 1950 aka shiga haƙa mai zurfi. A shekarun 1960 ma'aikatan binciken ƙasa na Amurka suka zo suka yi aiki da namu a masarautun Borno da Dikwa, rahotonsu ya fito a 1968, kuma cikin mutum huɗu da sunansu ke kai akwai 'yan Najeriya biyu, Olowu da Uzoma. Abin da suka sa gaba shi ne su auna ƙarfin ruwan, nawa za a iya ɗiba, wace tazara za a bari tsakanin rijiya da rijiya.

Abin da ke ci mini rai har yau shi ne yadda muka riƙe amanar. Rijiyoyi da yawa ba a sa musu makulli ba, waɗanda aka sa wa kuma in ya lalace ba mai gyarawa. Ruwan da mutane da dabbobi za su sha bai kai rabin wanda ke malala ba, sauran ya zama fadama, kofato ya dame ta, rana ta shanye. A shekarun aikina na koma wannan ƙauye da na je da mahaifina. Bututun na nan ya yi tsatsa, ruwan na ɗiga kamar bakin buta. Mu muka sa masa inji.

Modu na Gamboru

Allah ya ƙara lafiya, Baba. Amma ni a tunanina janyewar Tafkin Chadi ce ta kashe rijiyoyin nan. Tafkin da ya kai murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari na 1973 da na 1984 suka tsotse shi. In uwa ta ƙafe ai 'ya'ya ma sai su ƙafe.

Ummu Khalil

Malam Modu, mutane da yawa haka suke zato, amma ruwan hawa na tsakiya ba na tafkin yau ba ne. Da aka auna shekarunsa daga baya, an same shi ya kai wajen shekara 20,000 a ƙasa. Ya shiga ne a wani zamani da yanayin yankin ya bambanta da na yanzu, laka ta rufe shi. Damina ba ta mayar da abin da aka ɗiba sai ɗan abin da ba a rasa ba. Fari ya taɓa hawa na sama, wannan gaskiya ne. Na tsakiya kuwa yawan huda da barin baki a buɗe ne suka rage masa ƙarfi, kamar yadda Baba ya faɗa. Ruwan bai ƙare ba, ƙarfin da ke turo shi sama ne ya ragu.

Modu na Gamboru

Shekara 20,000! Wallahi ban taɓa ji ba. Kenan gado muke sha.

Na-Bukuru

Ni fa ku yi haƙuri, zan ɗan saɓa. Baba, da girmanka, ina jin ana so a wanke mutanen nan. Wa ya ce don mu suka auna ƙasar nan? Sunan aikin farko ma binciken ma'adinai ne, ba na ruwa ba.

Kuza ba Bature ne ya gano ta ba. Mutanen Ririwai sun daɗe suna narka ta suna fitar da ita sanda-sanda siriri, fatake na kai ta kasuwanni. Sandunan nan Turawan kamfanin Neja suka gani suka bi sawu har suka hau tsaunin Jos. Daga nan taswira ta zama ta raba fili ga kamfanoni.

Kakana daga ƙasar Zazzau aka kawo shi Bukuru a lokacin yaƙin Hitila. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzar can, sai aka ɗora wa sarakunan Arewa kawo mutane aikin dole, aka yi ta yi har 1944. Dubun-dubatar mutane aka kwaso daga ƙasa mai zafi aka zuba su a sanyin Filato ba bargo ba isasshen abinci. Kakana ya ce da buhun garara suke rufa, kuma cikin waɗanda suka taho tare akwai waɗanda ciwon ƙirji ya kashe kafin wa'adinsu ya cika. Ina yaro nakan ga tafin hannunsa, ya yi kanta kamar ƙirgi saboda diga da kwanon ɗaukar ƙasa.

A shekarun 1950 kuma kolombait, ma'adinin da ake samu tare da kuza, ya yi tsada saboda Amurka na tara shi don injinan jiragen sama, Najeriya ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da shi. Me ya rage mana? Ku zo Bukuru da Barikin Ladi ku ga kududdufai. Kusan kowace shekara sai mun ji yaro ya nutse.

Ɗan Arlit

Ɗan uwa Na-Bukuru, kamar ka shiga bakina. Mu nan Nijar a 1957 masu binciken Faransa suna neman tagulla a Azelik suka ci karo da yuraniyom. Hukumar nukiliyarsu ta karɓi aikin, aka samu na Arlit a 1965, Imuraren 1966, Akuta 1967. A 1971 aka fara fitarwa. Garin Arlit kansa don ma'adinin aka gina shi. Shekara sama da hamsin ƙasarmu ta yi tana haska gidajen Faransa, mu kuwa a tsawon lokacin yawancin wutar Yamai daga Najeriya aka riƙa sayo ta. Ma'adinin Akuta an rufe shi a 2021, tulin dusar da aka tace tana nan a bayan gari, iska na kaɗa ta.

Kuma ruwan da ake wanke ma'adinin da shi irin wanda Hajiya ta ce ne, tsohon ruwa na ƙarƙashin hamada, ba ya dawowa.

Baba Mai Ritaya

Ɗana Na-Bukuru, Allah ya jiƙan kakanka, ya sa wahalar da ya sha ta zama kaffara. Ban zo wanke kowa ba, kuma duk abin da ka faɗa haka yake. Amma ka bar ni in faɗi nawa. Hukumar nan ita ta fara gina rijiyoyin kankare a ƙauyukan Arewa tun wajen 1930, kafin a miƙa aikin ga ma'aikatar ayyuka bayan yaƙi. Kafin su, rijiya kan rufta da mutum, kuma kurkunu na kwantar da rabin gari a tsakiyar damina saboda shan ruwan tafki. Rijiyoyin nan da ake ce wa na En'e wasu har yau ana sha.

Na-Bukuru

Baba, ai shanu in sun sha ruwa sun yi yawa jangali ne ke ƙaruwa. Manomi in ya samu rijiya ya zauna ya noma gyaɗa da auduga, jirgin ƙasa ya kwashe zuwa Ikko. Ko rijiyar ma lissafinsu ce.

Baba Mai Ritaya

Na yarda akwai lissafi. Amma aikin Borno da na Sakkwato na shekarun 1960 gwamnatinmu ce ta nema, ƙasa na hannunmu. Kuma yashin da ke ƙarƙashin Monguno bai san wanda ya auna shi ba. Awon in daidai ne, daidai ne, ko wa ya riƙe ma'aunin. Sun tafi sun bar takardun, shekara sittin ke nan. Wanda ya hana a sa wa bututu makulli ba Bature ba ne, ɗana. Ina cikin ma'aikatan, da mu aka yi sakacin.

Na-Bukuru

Wannan kam ba ni da ja, Baba. Abin da nake so kawai, in za a ba yara tarihin a ba su duka biyun.

Bakabe

Salamu alaikum jama'a. Ku bari in sa baki da na ƙasarmu. Abin da Baba ya gani Borno mu ma mun gan shi Kabi. Da Amurkawa sunka yi aiki da mutanen Kaduna cikin shekarun 1960, sun tabbatar da yashi mai ruwa ƙarƙashin ƙasar Gwandu, kuma cikin kwarin gulbi wajen Birnin Kebbi da Argungu in anka huda sai ruwa ya taso da kansa. Rahoton ya fito 1973. Abin da ya burge ni, sunayen garuruwanmu anka sa ma hawa-hawan ƙasar: Gwandu, Kalambaina, Dange, Wurno, Taloka, Dukamaje, Illo, Gundumi. Duk ɗalibin da ya karanta ilimin ƙasa a Najeriya sai ya haddace su.

Farar ƙasar Kalambaina ita ta kawo kamfanin siminti Sakkwato, wanda ya fara aiki 1967. Kuma farar ƙasar nan shaida ce cewa teku ta taɓa kwanciya nan. Ina makarantar sakandare malaminmu ya kai mu wani tudu wajen Dange, muna tsintar duwatsu masu siffar katantanwa da haƙoran kifi, ƙasar da ko kududdufi babu da rani. Har akwai wata dabbar teku ta zamanin da da anka tono ƙasusuwanta anka sa mata suna daga Goronyo.

Ummu Khalil

Goronyosaurus, haka ne Malam. Kuma shimfiɗar nan ba ta tsaya a iyaka ba, ta wuce Tawa har cikin Mali. A Nijar wani Bafaranshe Jacques Greigert ya yi shekaru yana irin wannan aikin a kanta. Randa ɗaya muke sha da mutanen Ƙonni, takarda ce kawai ta rabu biyu, rabi da Turanci rabi da Faransanci.

Ɗan Arlit

Gaskiya ne Hajiya. Masu haƙa foraji, wato burtsatse, a nan har yau in sun samu tsohuwar taswirar ba sa sakinta.

Jikan Mahaƙi

Ina ta karantawa tun jiya, akwai waɗanda ba a ambata ba. Kakana haƙar rijiya ce sana'arsa a ƙasar Daura, gadonta ya yi. Bai san boko ba, amma in an kira shi gari ba ya sa diga ranar. Sai ya kwana biyu yana yawo. Yana duba inda goruba da giginya suka yi layi, inda ɓaure ke da ɗanyen ganye a bazara, inda gara ta yi suri da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai ya zagaya tsofaffin rijiyoyin garin da igiya yana ƙirga gaba nawa ne zuwa ruwa, ya tambayi dattawa wacce ce ba ta ƙafe ba a shekarar yunwa. In ya fara haƙa kuma, duk ƙasar da guga ya fito da ita sai ya murza a yatsa, wani lokaci ya ɗanɗana.

Ya ba ni labarin wani Bature da ya zo da tafinta da ɗan littafi, suka kwana uku suna bin rijiyoyi tare. Baturen na jefa ma'auni yana rubutawa, yana tambayar kakana me aka tarar a gaba biyar, me aka tarar a gaba goma. To ni ina ganin wani kaso na abin da ke cikin takardun nan daga bakin irin su kakana ya fito, sunansu ne dai bai shiga ba.

Ummu Khalil

Allah ya jiƙan kaka. Abin da ya yi shi ne matakin farko da ake koya mana a jami'a, ƙidayar rijiyoyin da ke akwai, kuma tsofaffin rahotannin cike suke da jadawalin rijiyoyin gargajiya da zurfinsu. Mai injin da ya je garin su Abu Safwan ko wannan bai yi ba.

Maman Sadiya

Ni daga Zamfara nake, malamar asibiti ce. Zinaren yankinmu ba sabon abu ba ne, an haƙa shi tun shekarun 1930, kuma a 1957 hukumar da kuke magana ta fitar da rahoto na musamman kan zinare a sassan lardunan Neja, Zariya da Sakkwato. Masu ilimin dutse sun san cewa a wasu jijiyoyin dalma na tafiya tare da zinare. Amma matan da ke daka dutsen a turmi a tsakar gida, yara na rarrafe a cikin ƙurar, wa ya gaya musu? A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Na ga uwa riƙe da ɗanta yana jijjiga tana cewa iska ce. Ilimin yana Kaduna cikin kabad da Turanci, gubar tana cikin turmi a ƙauye. Da an taɓa faɗar wannan da Hausa a rediyo ko a masallaci tun kafin abin ya faru, da wasu yaran suna raye.

Baba Mai Ritaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan ya fi na rijiya ciwo, 'yata.

Malam Sani Ticha

Maganar Maman Sadiya ita ce ta tsaya mini. Ina koyar da labarin ƙasa a sakandare shekara goma sha, ban taɓa ganin ko shafi ɗaya na waɗannan binciken da Hausa ba. Hajiya Ummu Khalil, a ina mutum zai same su?

Ummu Khalil

Na Amurkawan nan biyu, na Borno da na Sakkwato, suna intanet kyauta a shafin hukumar binciken ƙasa ta Amurka, har da taswirorinsu. Namu na gida suna hannun hukumar da ta gaji ta da, hedkwatarta yanzu tana Abuja, ɗakunan gwajinta na Kaduna, ana kuma samun wasu a ɗakunan karatu na jami'o'i. Akwai cibiyar koyar da aikin ruwa a Mando, Kaduna, kuma jihohi na da hukumomin ruwan karkara. Tsakanin 2003 da 2010 an sake auna ƙasar nan daga jirgin sama, don haka ba tsofaffin takardu kaɗai ake da su ba.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Mutanen da, duk rijiyar da suka haƙa sai sun ba ta lamba sun rubuta abin da suka tarar mita bayan mita, ko an samu ruwa ko ba a samu ba. Da haka taswirar ta ginu. Yau a unguwa ɗaya a Kano za ka ƙirga burtsatse ashirin, ba ko ɗaya da aka rubuta abin da ya fito daga cikinta. Wanda ya haƙa bai samu ba sai ya rufe ramin ya yi shiru, maƙwabcinsa ya zo ya zuba nasa kuɗin a dutse guda. Abu Safwan, ramukanku biyu ba asara ce zalla ba in kun rubuta su. Ka zauna da waɗanda suka tsaya a wurin, ku tuna a mita nawa marmara ta ƙare, a nawa laka ta fito, a nawa farar ƙura ta fara. Mai awo in ya zo zai ji daɗin wannan ƙwarai.

Malam Sani Ticha

To ni na ɗauki na Sakkwato. Zan fara da taƙaitaccen bayanin da ke farkonsa in mayar da Hausa, in kawo nan ki duba mini kalmomin fannin. Bakabe, sunayen garuruwa kuma sai ka gyara mini, don na san Turawa sun karkata wasu.

Bakabe

Da izinin Allah, Malam. Ka turo.

Na-Bukuru

In kun gama na ruwa a yi na Filato ma. Mutanenmu na gini da yashin da aka tace kuza, ya kamata su san abin da ke cikinsa.

Abu Safwan

Jama'a na gode, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan Magariba na karanta wa dattawanmu duk abin da kuka rubuta. Da na zo kan maganar Jikan Mahaƙi sai Liman ya ce ai akwai rijiyar En'e a gangaren fadama, bayan tsohuwar maƙabarta, an bar ta ne da gari ya matsa tudu. Yau da safe muka je mu biyar da adda muka sare sarƙaƙiyar da ta rufe ta. Bakin kankare ne, ya tsage ta gefe ɗaya amma yana tsaye. Ga giginya uku a jere kusa da ita. Muka ɗaura dutse a igiya muka zura, a gaba 9 muka ji ya faɗa ruwa, kuma yanzu muna tsakiyar bazara. Daga nan zuwa inda muka haƙa bai fi tafiyar minti goma ba.

Mun yanke shawarar ranar Asabar za mu yashe ta. Ɗan abin da ya rage a asusu kuma ba za mu taɓa shi ba sai mai awo ya zo ya duba gangaren. Na fara rubuta na ramukan biyu kamar yadda Hajiya ta ce.

Jikan Mahaƙi

Alhamdu lillahi. Amma Yaya Abu, don Allah kada kowa ya shiga ranar da kuka buɗe ta. Rijiyar da ta daɗe a rufe iskarta na kisa. Ku bar bakin a buɗe daga yau, ranar Asabar ku fara zura fitilar ƙwai a kunne har kusa da ruwa. In ta mutu, ku ɗaura ganye mai yawa a igiya ku yi ta ja sama da ƙasa, sannan ku sake gwadawa. Kada a saukar da injin jan ruwa mai fetur cikin ramin, hayaƙinsa ya kashe mutane da yawa. Wanda zai shiga a ɗaura masa igiya ta biyu a ƙugu, mutum uku su riƙe.

Baba Mai Ritaya

Ku bi maganarsa. Kuma in kun yashe, ɗana, ku kwashe ruwan duka, ku duba agogo ku ga awa nawa zai ɗauka ya dawo inda yake. Ka rubuto mini adadin, da faɗin bakin rijiyar, zan lissafa muku ko za ta ɗauki garin.